Sarkin Liƙi da Wazirinsa

Kwana goma sha ɗaya cur motar Yayana ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Ruwan Bore. Ba ta sha fetur ko na sisi ba, ba ta faɗa rami ba, ba ta shaƙi ƙurar hanyar Mada ba. Kaji sun yi masauki a ƙarƙashinta, akuya ta sami wurin sosa baya, yara sun mai da gilashin baya allo suna koyon rubutu a kan ƙura. Tun da aka sauke wannan Corolla daga jirgin ruwa a Kwatano ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba. Mota ba ta da baki, wanda kuma aka yi wa alheri bai gode ba butulu ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami a madadinta in miƙa jinjina ga manya biyu da suka haɗa hannu, har hannun ya ƙi rabuwa, suka yi mata wannan gata.

Na farko shi ne sufa-gulu. Sarkin liƙi, ƙarami gagara ɓamɓara, giram 3 mai nauyin buhun gero, ruwa a ido dutse a hannu, alƙalin da ke sakin wanda aka kawo ƙara ya ɗaure mai rakiya, baƙon da ba a yi wa sallama domin ba ya tafiya. Na biyu wazirinsa ne, Yayana, ranka ya daɗe, injiniyan da bai ɓata ƙuruciyarsa a aji ba, dodon masu gyara, maganin masu cin kuɗin jama'a, bajimin da bai taɓa karanta rubutun bayan kwali ba saboda ya tabbata wanda ya rubuta bai fi shi sani ba.

Asalin maganar ƙarama ce, kamar asalin kowane babban tarihi. Makullin motar irin mai rimot ne a ka, baƙin kwanso na roba da madannai biyu, na kullewa da na buɗewa. Wata rana wurin alwala ya zame daga aljihu ya bugi siminti, kwanson ya tsage daga wuya. Yaya ya naɗe shi da robar ɗaure kuɗi, aka ci gaba da zaman lafiya wata da watanni. Sai da muka shiga Gusau wani mai yankan makulli ya hango shi, ya ce, "Alhaji, wannan ai kwanso ne kawai ya mutu. Akwai sabo. In kwashe kayan ciki in zuba maka, kafin ka shanye ruwan leda na gama." Ya faɗi kuɗi, bai kai na kaza ɗaya ba.

Raggon mutum da nan take ya miƙa. Yaya kuwa ya dubi mutumin, irin duban da babba ke yi wa yaron da ya zo masa da wayon yara, ya ce, "Wanga ɗan tsagi zan biya kuɗin kaza? Ni da hannuwana?" Muka fito. A bakin tasha ya tsaya wurin mai tebur, tsakanin reza da ashana da maganin sauro, ya sayi kwalin sufa-gulu da canjin da ya rage a aljihu. Na ga ribar da ya ci a fuskarsa tun daga Gusau har gida. Da ana raba sarautar tattali a Zamfara, da ranar an naɗa masa rawani.

Kada a ɗauka Yaya ya ƙulla abota da marar asali. Sufa-gulu ɗan gidan girma ne. A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masu bincike a Amurka suna neman roba mai haske garau da za a yi wa bindiga abin saiti, sai suka ci karo da wani sinadari mai kama duk abin da ya taɓa. Suka ga ya dame su, suka ture shi gefe. Haka duniya take yi wa masu baiwa. Sai a 1951, a kamfanin Eastman Kodak da ke jihar Tenesi, Harry Coover da abokin aikinsa Fred Joyner suka sake waiwayarsa. Joyner ya shafa ɗan kaɗan a tsakanin gilasai biyu na wata na'urar awo mai tsada, yana so ya auna yadda haske ke ratsa shi. Gilasan suka rungumi juna, ba su sake rabuwa ba. Aikin farko ke nan da sarkin liƙi ya yi a bainar jama'a: ya kashe na'ura mai tsada a hannun masani. A 1958 aka fito da shi kasuwa da sunan Eastman 910, a 2010 kuma Shugaba Obama ya rataya wa Coover lambar girma. Ina tambayar masu hankali, 'ya'yan manya nawa ne suka riƙe halin gidansu shekara saba'in ba su sauya ba? Abin da ya yi wa na'urar Tenesi shi ya zo har Ruwan Bore ya yi wa makullin Yaya, babu ragi, babu nuna bambanci tsakanin Bature da Bazamfare.

An yi aikin ne bayan la'asar, a kan tabarma, cikin zafin bazara. Ni aka ba girman riƙe makullin. Bakin ɗan bututun a toshe yake zuwa, akwai tsinke a cikin murfin da aka tanada don hudawa, amma wannan hanyar talakawa ce. Yaya ya ciro allura daga hularsa, ya riƙe cikin bututun da ƙarfin mai murɗe wuyan rago, ya soka. Masu rubutu a bayan kwali suna cewa ɗigo ɗaya ya isa. Rowa ce irin ta mutanen birni. Sarkin liƙi ya fito da yalwa, ya cika tsagin, ya haura, ya gangara, ya bi yatsu.

A nan ne na ga abin da ya ƙara mini ƙaunarsa. Sauran gam masu kauri ne, inda ka ajiye su nan suke zama kamar baƙo mai kunya. Shi kuwa tsinkakke ne kamar ruwa, kuma duk inda ya ga siririyar kafa sai ya bi ta da kansa, ba ya jiran a ce bismilla. Ya kewaye madannan nan biyu, ya sulale ta gefensu ya shiga ciki, ya gai da ɗan koren fanel, ya leƙa ɗakin batir ya shimfiɗa wa ƙarfen da ke taɓa batirin darduma mai sheƙi wadda wuta ba ta ratsawa. An aike shi ƙofa ɗaya, ya zaga gida duka. A ina ake samun ɗan aike irin wannan a zamanin yau?

Sai kuma sirrin kamunsa, wanda ya kamata a koya wa masu mulki. Sufa-gulu ba iska ce ke busar da shi ba, danshi ne ke daskarar da shi. Da ya ji laima, ko ta numfashi ce, sai ya ƙulle nan take. Robar makulli a bushe take, ba ta da abin ba shi. Yatsan Bazamfare a watan bazara kuwa gumi ne tsagwaronsa. Don haka ya bar tsagin da aka kira shi dominsa yana jira, ya fara da mai gida. Babban yatsan Yaya da manuninsa suka yi mubaya'a ga makullin, su uku suka zama abu guda. Wannan shi ake kira sanin ya kamata, a fara gai da babba kafin a dubi yara.

"Yaya, ko a kawo ruwan ɗumi?" na ce, cikin raunin imani irin nawa.

"Kai dai riƙe. Yanzu shi ka kamawa."

Gaskiya ya faɗa, yana kamawa. Da Yaya ya ga ragowar tana gangarowa wuyan hannu, sai ya kai hannun ga gefen rigarsa ya goge, shaddar da aka ɗinka domin ɗaurin auren da za mu je Bunguɗu washegari. Ashe tsakanin sarkin liƙi da auduga akwai tsohuwar soyayya mai zafi. Idan suka haɗu, daskarewar takan zo da sauri har ta fitar da zafin da ke iya ƙona fata. Wani siririn hayaƙi ya tashi daga cinyar Yaya, mai yaji a ido. Yaya ya miƙe tsaye da hanzarin da ban gani gare shi ba tun yana saurayi, ya yi wani ɗan taku a tsakar gida wanda da makaɗan Ɗanƙwairo suna kusa da sun bi shi da kiɗa. Wurin ya bushe ƙandas kamar ƙanzo. Masu guga suna shan wahala da sitati kafin shadda ta tsaya haka, kuma tasu wanki ɗaya take saki.

Ana cikin haka, yatsan da ke manne ya danne madannin kullewa. Daga ƙofar gida muka ji motar ta amsa, ƙit, fitilunta suka yi ƙifta ɗaya. Wannan ce kalmar ƙarshe da rimot ɗin ya furta a duniya, kuma kalma ce ta tsaro. Madannan biyu suka daskare, suka zama kamar tsakuwa. Kafin magariba wani farin hazo ya lulluɓe baƙin kwanson, domin tururin gam ɗin yakan sauka a kewaye ya bar fari. Da irin wannan tururin ne masu binciken laifi suke fito da zanen yatsan ɓarawo a jikin kaya. Ga shi mu a ƙauye, ba ɗakin bincike, ba kuɗin gwamnati, mun sami zanen yatsan Yaya ɓaro-ɓaro a jikin makullinsa. Ko banki bai taɓa ɗaukarsa da kyau haka ba.

Yadda aka raba yatsun ba abin tsayawa ba ne, don babu jarumta a ciki. Uwargida ce ta kawo ruwan ɗumi da sabulu a kwano, ta ce, "Alhaji, tsoma ka bar shi," ta riƙa ɗiga man gyaɗa tana murzawa a hankali, ba fizga, har fata ta saki. Aikin haƙuri ne kawai, kowa ma zai iya.

Majalisar da ta zauna a kan makullin bayan sallar isha'i ita ce abin faɗi. Ruwan Bore ba ta taɓa rasa masana ba. Wani ya ce fetur, aka jiƙa. Wani ya ce kananzir, aka ƙara. Wani dattijo ya ba da shawarar a tafasa shi, aka girmama shi da shiru. Sai 'yar ƙanwarmu mai karatu a Gusau ta fito da 'yar kwalbar ruwan goge jan farce, ta ce asiton ɗin da ke ciki yana narkar da sufa-gulu. Ta ƙara da cewa a ɗiga kaɗan a tsinken auduga, domin yana cin irin wannan robar. Yaya ya karɓi rabin farko na maganar, ya bar mata rabi na biyu ta riƙe, tun da ba a san babba da karɓe komai daga hannun yaro ba. Ya tsiyaya a murfin kwalba, ya tsoma kan makullin, ya ba shi lokaci. Da aka ciro, kwanson ya yi laushi yana kama hannu kamar alewar ɗinya, hoton ɗan kwaɗon da ke kan madannai ya shafe. Tsagin da ya tayar da fitinar kuwa babu shi, ya narke tare da maƙwabtansa. Duk mai gaskiya ya san an kira Yaya ne a kan tsagi, kuma tsagi ya tafi.

Saura batir. Ɗan faifai ne kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda masu ƙera makullin suka bar wa hanyar fita domin ran da ya mutu a sa wani. Sarkin liƙi ya riga ya rufe wannan hanyar, rufewar da babu ranar buɗewa. Yaya ya aika aka kawo sukuddireba da dutsen guga. Bugu biyu, kwanson ya buɗe gida huɗu. Ya bi kayan ciki da reza yana kankare busasshen gam, cikin natsuwar wanzami. A wani lungu ya tarar da ɗan baƙin abu, bai kai ƙwayar wake ba, ba waya a jikinsa, ba ya haɗe da komai. Ya ɗaga shi a hasken tocila.

"Ka ga dattin da Turawa ka bari cikin kaya," in ji shi. Ya ɗalle shi da farce, ya faɗa cikin duhu.

Da asuba ya fito cikin wata rigar, da guntun ƙarfen makulli a hannu. Ya zura a ƙofa ya murɗa. Motar da aka kulle da rimot aka buɗe ta da ƙarfe ta ɗauka ɓarawo ne, ta kwarma ihu. Wanda bai taɓa samun sahun farko ba a unguwarmu ranar ya samu. Karnuka suka amsa, jakuna suka taya, wasu maƙwabta kuma, da yake zamanin nan ƙarar dare ba ta da daɗin ji a ƙasarmu, sai da suka kai bakin gona kafin aka kira su. Yaya ya zauna a kujerar direba cikin kwarjini, ya murɗa makulli. Injin ya yi ta gurnani, ya ƙi kamawa. Ya sake. Ya sake. Da ƙyar aka cire kan batir motar ta yi shiru.

Daga baya muka sami labarin ɗan dattin nan. Masu sana'ar suna ce masa cif. Ba ya cin batir. A kewayen ramin da ake zura makulli akwai zoben waya, idan an murɗa sai zoben ya ba shi ɗan ƙarfi ta iska ya tambaye shi, shi kuma ya amsa da lambar sirri. In ƙwaƙwalwar motar ta ji lambar da ta sani, ta saki mai da wuta. In ba ta ji ba, ko uban wa ya zauna a kujerar, sai dai ya yi ta murɗawa. Jamus ta wajabta wannan na'ura a kan sababbin motoci tun farkon 1998, Ingila ta bi a cikin shekarar, duk don a gagari ɓarayi. Injiniyoyinsu sun yi shekaru suna wannan wahala, amma duk ƙoƙarinsu sun bar kafa ɗaya: mai motar yana iya tayar da ita. Yaya ne ya toshe wannan kafar, a dare ɗaya, da reza. A ƙasar da mutum ke kwana da ido ɗaya saboda saniyarsa da babur ɗinsa, samun motar da ba mahaluƙin da zai iya gusar da ita ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Mun nemi cif. Uwargida ta riga ta share tsakar gida tun da duhu, shara ta tafi juji, juji kuma a wannan makon ake kwasarsa a kai gona. Yana can yanzu a cikin taki, ina kyautata zaton a gonar dawa, yana jiran damina.

Mahassada za su ce ai sai a ɗauko makulli na biyu. Motar da ɗaya ta zo, kamar yawancin 'yan uwanta na Kwatano. Dillalin ya ce ɗayan yana hanya, yau shekara shida, kuma hanyar Kwatano doguwa ce. An sha ba Yaya shawara ya yanka na ajiya tun na hannunsa yana da rai, lokacin da abin ba ya wuce a kwafa a ba ka. Ya ƙi, bisa hujjar da har yau ban ji wanda ya rushe ta ba: mota ɗaya, direba ɗaya, makulli biyu na mene ne in ba almubazzaranci ba?

Samarin unguwa sun tura ta har bakin masallaci sun dawo da ita, sau uku, Yaya yana ciki yana ba da umarni. Ƙwaƙwalwar mota ba ta san turi ba, amma samarin sun motsa jini. Ɗaurin auren Bunguɗu kuwa mun same shi, a kan kabu-kabu, mu biyu a bayan yaro ɗaya, babbar rigar Yaya tana kaɗawa kamar tuta. Mun isa an shafa fatiha ana watsewa, wato daidai lokacin da manya suke isa.

Abin da ya biyo baya alheri ne da ya game jama'a. Mai gyaran waya na Gusau ya zo ya duba, aka biya shi kuɗin dubawa. Mai kwamfuta ya ce zai zo, amma ba ya bin hanyarmu bayan la'asar, kuma kuɗinsa akwai na mai, akwai na aiki, akwai na faɗuwar gaba. Ya zo da hantsi, ya jona na'urarsa, ya girgiza kai, ya ce irin wannan tsohuwar ƙirar idan makulli ya ɓace duka sai an ciro ƙwaƙwalwar an wanke ta an koya mata sabo. Aka kwance ta, aka naɗe a tsumma kamar jariri, Yaya ya rungume ta a motar haya, ta Tsafe, ta Funtuwa, har Ƙofar Ruwa a Kano. Direbobi sun samu, masu abinci sun samu, mai masauki ya samu, mai yankan makulli na Kano ya samu har ya yi masa rakiya. Tinkiya biyu da buhun waken suya suka bar gidanmu domin wannan hidima. Da Yaya ya biya kuɗin kaza tun farko, mutum ɗaya tak zai amfana, shi ma ɗan kaɗan. Gwamnatoci suna ta taro a kan yadda za a sa kuɗi su zaga cikin talakawa, ga wanda ya zagar da su jiha uku bai kira taro ba.

Na ji wasu a bakin kasuwa suna cewa garin neman gira an rasa ido, wasu suna ambaton gangar Auzinawa. Hassada ce. Waɗannan mutane ne da ba su taɓa gyara komai da hannunsu ba, abu kaɗan sai su kai wa wanda ya iya.

Ranar kwana na goma sha biyu motar ta tashi, kaji suka watse suna ƙorafi. Sabon makullin yana da kyau, sai dai ba shi da tarihi. Mutumin Kano ya roƙi Yaya ya yanka na biyu tun da ga shi a wurin, Yaya ya ce masa zai duba.

Shekaranjiya muna zaune a kan tabarmar nan, hannun tabaransa ya ɓalle daga mahaɗa, dab da gilashin ido na dama. Ya juya shi sau biyu a tafin hannu, na ga hasken nan ya dawo fuskarsa. Ya laluba saman taga ya ɗauko ragowar bututun. Murfin ya kama bakin, cikin ya zama dutse, sarkin liƙi da ya rasa wanda zai kama ya kama kansa. Yaya ya jinjina kai cikin girmamawa, ya ƙwala wa ƙaramin ɗansa kira, ya zaro kuɗi daga aljihu.

"Ruga wurin mai tebur," ya ce. "Ka sawo biyu."